Haƙorin Filaya

A layin da shagonsa yake ba wanda ke kiransa da sunan da iyayensa suka sa masa. Filaya kowa ke cewa. Mai askin da ke maƙwabtaka da shi, wanda suka fi shekara ashirin bango ɗaya ne tsakaninsu, yakan ce sunan ya samo asali ne ranar da wani ya kawo gyaran fanka ya tsaya yana kallo. Sai ya ga mutumin nan ya sa waya a baki, ya ɗan datsa, ya ja, robar ta zare tas ta bar zallar tagulla, ko sili ɗaya bai tsinke ba. Mai fankar ya riƙe baki ya ce, "Kai, wannan ai da filayarsa aka haife shi." Shi ke nan suna ya bi shi.

Telan da ke tsallaken titi cewa yake yi hannun mutumin yana da albarka, abin da duk ya gyara ya gyaru, amma kada ka zauna jiran ranar da zai ce ya yi kuskure. In ya ɓata maka rai yau, gobe za ka tarar ya canza maka makunnin fitilar shago ba ka roƙe shi ba, ya wuce bai ce uffan ba. In ka gane, ka gane. 'Yarsa ta ƙarshe, wadda har yanzu ake kira Auta ko da yake ita ma tana da yara biyu, takan ce tun tasowarta ba ta taɓa jin "yi haƙuri" daga bakin Baba ba sai wajen gaisuwar mutuwa. Matarsa kuwa, wadda yaran ke kira Mama har shi ma ya bi bakinsu, ba ta cewa komai. In an matsa mata sai ta ce, "Ai kun san halin babanku," ta ci gaba da abin da take yi.

Haƙori ɗaya ne ke wannan aikin: na sama, gefen dama, wanda ke bayan fiƙa. Shekara arba'in na jan waya sun yi masa wani ɗan gurbi a baki, daidai kaurin wayar fanka, har ba sai ya nema ba, da ya kai waya take zama a wurinta. Shi ne kuma ya fara ciwo. Da farko ruwan sanyi ne ba ya so, daga baya shayi mai zafi, daga baya kuma ba ruwansa da dalili. Filaya ya yi ta maza har mako biyu, yana cusa kanumfari yana cewa iska ce. Ranar da kuncinsa ya tashi har idon dama ya ƙanƙance, Auta ba ta tsaya shawara da shi ba, ta tsai da tasi a ƙofar gida.

Likitar haƙorin yarinya ce a idonsa, ba za ta girmi Auta ba. Ɗakinta ƙarami ne, da kujera mai kwanciya da fitila mai dogon wuya. Tun yana kwance ya lura makunnin fitilar yana ɗan tartsatsi in an taɓa, ya ajiye abin a ransa. Ta haska, ta ɗauki hoto, ta daɗe tana duban gurbin nan.

"Baba, me kake yi da wannan haƙorin?"

"Cin abinci, likita."

"Waya yake ferewa," in ji Auta daga bakin ƙofa.

Zuwa biyu aka yi. Aka yi masa allura, aka huda haƙorin, aka yi ta sa wasu siraran allurai kamar silin tagulla ana fitarwa. Da aka gama na biyun, likita ta ɗaga kujerar ta zauna gabansa ta yi masa bayani. Jijiyar da ke cikin haƙorin ce ta ruɓe, an cire ta, an wanke ramin har ƙasan saiwa, an cike.

"Wato kin yanke masa wuta ke nan," in ji Filaya.

Ta yi dariya. "Haka ne. Amma ka saurare ni da kyau, Baba, domin nan ne mutane ke ruɗuwa. Ba zai ƙara yi maka wannan zogin ba, sai ka ɗauka ya fi da ƙarfi. Bai fi ba. An rarake cikinsa, bangonsa ya yi siriri, abin da na toshe bakinsa da shi kuma na wucin gadi ne. Sai nan da mako uku za mu yi masa hula ta rufe shi gaba ɗaya. Kafin nan kada ka tauna komai da gefen dama. Ba ƙashi, ba gyaɗa, ba ƙanƙara. Ka riƙa goge shi a hankali, ka kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. In ka ga kumburi ko toshin ya fita, ka dawo, kada ka jira ranar da na ba ka."

"An ji."

"Waya kuma, ko bayan hula, kun rabu."

"An ji, likita."

Ta rubuta duka a takarda ta miƙa wa Auta, ba shi ba.

A gida Auta ta karanta takardar sau ɗaya da ƙarfi, ta liƙa ta jikin firji, ta koma gidanta. Daga nan haƙorin ya zama na Mama. Ba ta sake duban takardar ba, don ta riga ta haddace. Safe da yamma ta tafasa ruwa, ta bar shi ya huce, ta ɗiga a bayan hannunta ta ji, ta sa gishiri da bakin cokali, ta ajiye masa kofin kusa da buroshinsa. Ta sayo sabon buroshi mai laushi ta jefar da tsohon da ya baje kamar tsintsiya. Kwalbar gyaɗar da ke kan teburin falo ta ɓace. Nama sai ta niƙa, dankali sai ta dame, shinkafa sai ta dahu luguf. In ya zauna cin abinci ta zauna daura da shi, da ya ɗaga cokali sai ta ce, "Hagu." Kalma ɗaya, ba ta ko ɗago kai.

"Na sani."

"Hagu dai."

"Ke, bakin nan nawa ne ko naki?"

"Naka ne. Hagu."

Abin da kowa a dangi ya sani game da Mama shi ne tsintar shinkafa. Kowace safiya takan zauna kan 'yar kujera a gindin tagar kicin, da wani farin faranti mai faɗi a cinyarta, tana tura ƙwayoyi da yatsa ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan. Shekara talatin da takwas ba wanda ya taɓa tauna tsakuwa a gidanta. Ba ta faɗa da bakinta, amma in surukai ko baƙi suka faɗa, takan gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ai ba wani abu ba ne, ido ne kawai." Tun da aka yi aikin haƙorin nan sai ta koma tsinta sau biyu, ta kuma rege.

Auta ta sayo masa filayar fere waya, sabuwa, mai mariƙi ruwan ɗorawa da ramuka jere, kowane kauri da nasa. Ya juya ta ya ce ta masu koyo ce, amma ya kai ta shago. Kwana goma sha biyu yana aiki da ita. Tana yi, sai dai a hankali: sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya nemo ta, ya zaɓi rami, wani lokaci ta haɗa da sili biyu ta yanke. Mai aski kan leƙo ya ce, "Ina labari, Filaya? Na ji an yi maka ritaya an ɗauko yarinya." Telan ma in ya tsallako sai ya ce yanzu sai a sake masa suna. Filaya yakan ce su je su ji da almakashinsu. Haƙorin kuwa shiru. Ya sha ruwan sanyi bai ji komai ba. Ya ƙwanƙwasa shi da farce bai ji komai ba. A ransa ya fara cewa likitoci da yawan tsoro suke.

Rana ta goma sha uku, da hantsi, mai aski ya faɗo shagon riƙe da injin aski, wayar na reto ta tsinke daga gindi.

"Taimake ni, Filaya! Na bar mutum da rabin kai, kuma ɗaurin fuskarsa ba na wasa ba ne."

"Ajiye nan."

"Ba ajiyewa, yanzu-yanzu. Bari in je in riƙe shi da hira kada ya fita haka ya kashe mini kasuwa."

Ya fice. Filaya ya kwance bayan injin, ya yanke wurin da ya lalace. Wayoyi biyu ne, shuɗiya da ja. Ya laluba teburin, filayar Auta ba ta nan, ta shige ƙarƙashin tarin fukafukan fanka. Injin na hannun hagu, wayar na hannun dama. Bai yanke shawarar komai ba. Bakinsa ne ya riga hankalinsa: shuɗiyar ta shiga gurbinta, ya datsa, ya ja, ta zare tas kamar kullum. Ko ɗigon zafi babu. Wani daɗi ya ratsa shi, irin na wanda ya sa tsohon takalminsa bayan ya sha matsin sabo. Sai ya kai jar.

Ƙas.

Ƙarar ba daga waje ta zo ba, cikin kansa ya ji ta. Ya tsaya. Ba zafi, ba jini. Ya kai harshe a hankali, ya ji bango ɗaya na haƙorin yana motsi kamar ƙofar da ƙusarta ta kwance. Sa'an nan ya ɗaga fukafukan fankar, ya ciro filaya mai ruwan ɗorawa, ya ƙarasa aikin da ita, ya naɗe, ya kai wa mai aski.

"Allah ya bar mana kai," in ji mai aski. "Ka ga yarinyar taka ma ta iya aiki."

Da rana ya je gida cin abinci, ya tarar Auta ta zo da ƙaramin ɗanta yana barci a falo. Mama ta kawo shinkafa da miya da niƙaƙƙen nama. Ya zauna. Ya ɗaga cokali.

"Hagu."

Ya bi hagu. A loma ta huɗu ɓallin ya rabu da haƙorin ya shiga cikin abincin, ya ji shi garas tsakanin turamensa. Ya tsaya da tauna, ya tofa a tafin hannu. Ga shi nan, fari-fari kamar rabin ƙwayar masara, shinkafa manne da shi.

Auta ce ta fara miƙewa. "Baba! Mene ne wannan? Haƙorin ne?"

Mama ta dubi tafin hannunsa, ta dubi farantin. Fuskarta ta canza. Da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Tsakuwa ce?"

Ba shi ya kawo maganar ba. Wannan ya riƙa faɗa wa kansa daga baya. Ita ta tambaya. Abin da kawai ya rage masa shi ne ya ce a'a, ya faɗi sauran a gaban 'yarsa da ta kai shi asibiti ta sayo masa filaya. Ya dubi ɓallin ya ce, "Da alama."

Mama ta jawo farantinsa ta fara baje shinkafar da yatsu, ƙwaya-ƙwaya, miya na bin hannunta.

"Ina take? Ka tofar?"

"Ina jin na haɗiye."

"Haba Mama," in ji Auta, tana neman lambar likita a wayarta. "Abu ɗaya fa aka roƙe ki. Mako uku kacal. Duk wahalar da mutumin nan ya sha a kujerar nan, ki bari tsakuwa ta rusa? In idon ba ya gani ba sai ki faɗa ba?"

Mama ta ci gaba da bajewa har ta kai ƙarshen farantin, ta dawo farko.

Likita ba ta gari sai jibi. Ta waya ta ce in babu kumburi babu jini, ya ci abu mai ruwa-ruwa, kada ya taɓa wurin da harshe ko tsinke, su zo jibi da safe.

Da yamma Mama ta zubar da abin da ya rage a tukunya. Washegari ya fito zai tafi shago ya gan ta a gindin taga da farin farantin. Ta tsince, ta mayar, ta sake. Tana kai fuskarta kusa har hancinta na neman taɓa shinkafar, tana janyewa, tana murza ido da bayan hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara agogon hannunsa wanda ba abin da ya same shi. Ba ta ɗago ba. Ya fita.

A shago bai yi aikin kirki ba. Wajen ƙarfe goma ya rufe, ya ɗauko doguwar fitila fara mai haske sosai, wadda ya daɗe yana ɓoyo, da waya da makunni, ya koma gida. Ya hau kujera ya kafa ta a bangon kicin daidai saman inda take zama. Ya ja wayar ta bi kusurwa, ya danne ta tsaf ba ta karkace ba. Duk bakin wayar da filayar Auta ya fere. Mama na tsaye tana riƙe masa kujerar. Da ya gama ya kunna, kicin ɗin ya yi fes, har tsagin da ke jikin rufin ɗakin ana gani. Ya sauko yana kakkaɓe hannu, ransa ya ɗan yi sanyi. Haka ya saba biyan irin wannan, kuma ba a taɓa dawo masa da shi ba.

Mama ta daɗe tana kallon fitilar. Sa'an nan ta ce, "Na gode, Malam. Ka yi gaskiya."

"Gaskiyar me?"

"Idon ya tafi. Da ma kwanan nan in zan zura zare a allura sai na yi sau uku. Na ɗauka gajiya ce. Ba ka faɗa da baki ba don kada in ji kunya, na gane."

Ya buɗe baki. Harshensa ya taɓa kaifin haƙorin da ya karye. Ya ce, "Kicin ɗin ne da duhu," ya tattara kayan aikinsa.

Ran nan ba ta dafa shinkafa ba, dankali ta dama masa da ƙwai. Ta ajiye ta zauna daura da shi kamar kullum. Ya ɗaga cokali ya jira. Shiru. Ya kai baki, ya sake ɗagawa, ya ɗan jinkirta. Shiru.

"Yau ba hagu?" ya ce, yana neman mayar da abin wasa.

"Wace ni in gaya wa mutum yadda zai tauna," in ji ta. Ba da fushi ta faɗa ba. Da fushi ne da ya san yadda zai yi da shi.

Kofin ruwan gishirin ma da ta kawo, sai ta ce ya ɗanɗana ya ji ko ta cika gishiri, don ba ta yarda da awonta ba.

Da safe Auta ta zo suka tafi. Makunnin fitilar likita na nan yana tartsatsinsa. Aka ɗauki hoto. Wayar Auta ta yi ƙara, daga wurin aikinta ne, ta fita baranda ta ja ƙofa. Likita ta yi masa allura, ta jira, ta sa ɗan madubi da hantsaki tana dubawa. Sai ta tsaya. Ta ciro wani abu daga tsakanin haƙorin da dasashi, ta ɗora kan farar auduga, ta kawo gaban idonsa.

Ɗan siririn abu ne, bai kai yankan farce ba. Ja. A lanƙwashe, yadda ɓawon waya ke lanƙwashewa in an zare shi.

"'Yarka ta ce mini tsakuwa ce a shinkafa," in ji likita.

Filaya ya dubi fitilar.

"Ban taɓa ganin shinkafar da ake dafawa da jar roba ba, Baba."

"Makunnin fitilar nan taki yana son gyara," ya ce. Leɓensa ya fara nauyi.

"Na sani. Ba shi muke magana ba." Ta ajiye hantsakin. "Ni aikina haƙori. Abin da ya faru a bakinka kai ke da faɗarsa, ba zan faɗa maka a gaban kowa ba. Amma ga abin da hoto ya nuna: tsagin bai tsaya a sama ba, ya gangara cikin saiwa. Ba abin da hula za ta riƙe. In na bar shi, ruɓa zai yi ya dawo maka da kumburin da ya fi na da. Sai cirewa."

"Ranar da ya karye, kwana takwas ya rage a sa hular," ya ce.

"Kwana takwas."

Cirewar ba ta daɗe ba. Ya ji ana turawa, ya ji ana girgizawa, ya ji abin da ya shekara arba'in yana yi masa aiki ya bar wurinsa. Ta cusa auduga ta ce ya cije, kada ya cire sai bayan awa guda, kada ya tofa, kada ya kurkure sai gobe, ya rage magana. Ta nuna masa haƙorin, gurbin wayar na nan a jikin haƙorin.

"In jefar?"

Ya girgiza kai. Ya nuna haƙorin, ya nuna jan abin da ke kan audugar. Ta dube shi ɗan lokaci, ta naɗe su tare ta ba shi. Ya sa a aljihun gaba.

Auta ta shigo ta ga abin da aka yi, ta dafe kai. "Tsakuwar ce ko, likita?"

"Abu mai ƙarfi ne ya tsaga shi," in ji likita, tana rubuta magani.

A tasi Auta ce ke ta magana. Ta ce ta samo wa Mama ranar ganin likitan ido. Ta ce ta yi magana da yayyenta, sun yarda daga yanzu daga gidanta za a riƙa kawo abincin rana, Mama ta huta da girki, shekaru sun ja. Ta ce ita ma ta san ta yi wa Mama magana da zafi, amma ai gaskiya ce, wani lokaci sai an faɗa. Filaya na cije da auduga yana kallon titi: masu gyaran taya, kantin magani, wata mata na jan yaro zuwa makaranta. An ce ya rage magana. Bai taɓa samun umarnin likita mai sauƙin bi kamar wannan ba.

Suka tarar da buhun shinkafar a bakin ƙofar kicin, an ɗaure bakinsa da igiya. Mama na zaune kan 'yar kujerarta, sabuwar fitilar a kunne duk da rana ta cika tagar. Farin farantin na jingine da buhun, an wanke shi an goge.

"Sannunku. Yaya aka yi?"

"An cire," in ji Auta.

Mama ta sunkuyar da kai. "Allah ya sawwaƙe. Sannu, Malam." Ta nuna buhun da haɓa. "Auta, in za ki tafi ki haɗa da wannan. Da farantin. Ya fi amfani a wurinki."

Auta ta sunkuya za ta ɗauka. Filaya ya riga ta. Ya ɗauki farantin ya ɗora a cinyar matarsa, yadda yake zama kowace safiya. Ya ciro ƙullin audugar daga aljihu ya warware a tsakiyarsa.

"Baba, mene ne haka? Haƙori a farantin abinci?" in ji Auta. Ita haƙorin kawai ta gani.

Mama ba ta ko sunkuya ba. Daga inda take zaune ta kai yatsa ɗaya, wanda take tsinta da shi, ta ture haƙorin gefe, ta jawo ɗan jan abin zuwa bakin farantin. Shekara talatin da takwas tana kakkaɓe irinsa daga aljihunan rigunansa kafin ta jiƙa wanki.

"Wannan ai ɓawon waya ne," ta ce.

"Ina?" in ji Auta, tana matsowa. "Ni ban ga komai ba."

Filaya ya yi magana, amma auduga da leɓen da ya mutu suka cinye ta, ba abin da ya fito sai gunaguni.

"Baba, an ce kada ka yi magana."

Ya sa yatsu biyu ya zaro audugar daga bakinsa, jajir da jini, ya riƙe ta a hannu. Bai dubi fitilar ba, bai dubi buhun ba. Kalmomin suka fito a karkace, gefe ɗaya na bakinsa ba ya motsi, amma kowa a kicin ɗin ya ji.

"Ba tsakuwa. Tun a shago na karya shi, da waya, kafin in zo gida. Shinkafarki ba ta da komai, idonki ma lafiya lau. Na bari kika ɗauki abin da ba naki ba, na bari 'yarki ta faɗa miki magana ina zaune." Ya haɗiye abin da ya taru a bakinsa. "Ni na yi laifi, Mama. Ki yi haƙuri. Ki yafe mini."